Baturiya mai takardar hatimi

Karo na uku ke nan baturiyar nan tana tsayawa a gabana a kasuwar Balad ta Jidda, inda nake kasa zare da huluna. Zare ja da baƙi kawai take saye, tana duba wata takarda mai gidaje-gidaje.

Ni da ba ni da iƙama, takardar izinin zama, gabana ya faɗi. Na ce ko dai turo ta aka yi ta leƙa mu, ko kuma takardar nan hatimi ce, asiri za a yi wa wani. Na yi addu'a a zuci, na ce mata da Larabci:

"Madam, wa za a yi wa aikin?"

Ta yi dariya, ta zaro farin ƙyalle mai ɗinkin tsuntsaye biyu. Ta ce, "Ni 'yar Yukren ce, nas a asibiti. Mu shida muke haɗuwa ranar Juma'a, kowacce ta ɗinka zanen ƙauyensu don kada ya ɓace. Wannan na kakata ne, kowane tsuntsu da tatsuniyarsa."

Sai ta ɗauki hula ɗaya ta ce, "Naki zanen fa, me sunansa?"

Innata ce ta san sunan, ni ɗinkin kawai na koya, ga shi ta rasu.

Har ta bar Jidda ban yarda na faɗa mata unguwarmu ba. Amma tambayarta ta bi ni har gida.

'Yan'uwa, wa ya san sunan zanen da ke kan hularsa?