Ranar da Na Kwashe wa Inna Ruwan Tiga

Sai da na daɗe ina aiki a ofishin ruwa na Tiga kafin a yarda in taɓa kwamfutar. Ni mai zanen taswira ne, da fensir da rula aka ɗauke ni. Wajen ƙarshen shekarun casa'in injiniyanmu ya gaji da ciwon baya, ya jibga mini aikin da kowa ke gudu: in kwafe tsohuwar taswirar kwarin, wadda aka auna tun kafin a tare kogin, in zuba ta cikin na'ura don a san yawan lakar da ta taru a ƙasan dam.

Aiki ne mai cin rai. Akwai faffaɗan allo da ake shimfiɗa taswirar a kai, da wani ɗan abu mai gilashi da ake bin layukan tudu da kwari da shi. Ka bi layi ka danna, ka bi ka danna, har wuyanka ya ƙage. Amma da na gama, sai ga ƙasa ta tashi a fuskar kwamfuta, tudu ya yi tozo, kwari ya lotsa, duk an zana su da siraran korayen layuka kamar ragar masunta. In ka danne maɓallin tsakiya na maus, wato ɓeran kwamfuta, ka ja, ƙasar ta juya. Kibiyoyin kibod su kai ka gaba ko baya, sama ko ƙasa. Akwai kuma harafi ɗaya, in ka taɓa shi ruwan dam ya rufe komai da shuɗi, in ka sake taɓawa ya kau.

A ƙarƙashin wannan shuɗin garinmu yake. Ina goye aka tashe mu, muka koma wajen dangin Baba a garin Ƙofa, don haka ban san garin ba sai a bakin manya.

To ni ba na iya riƙe magana. Da na je gida ƙarshen mako na cika tsakar gida da fariya, wai yanzu da yatsa ɗaya nake kwashe ruwan Tiga. Inna tana tsinar shinkafa, ta kusa da farantin dab da fuskarta, don a lokacin yanar ido ta fara cin idanunta.

"Ƙarya dai ba ta yi maka wuya, Auta," ta ce. Can kuma, ba tare da ta ɗago ba: "Har tudun bayan gari ana gani?"

Goggo, ƙanwar Baba, ita ta ja ni zaure da zan tafi. Ta ce in kai Inna ta gani tun idon yana da saura. Ɗan farin Inna bai kai yaye ba ya koma, aka binne shi a bayan ɗakinta, yadda ake yi wa jarirai. Kunyar ɗan fari ta hana ta kuka a gaban surukai, ta hana ta kiran sunansa yana raye, balle bayan ransa. Ranar tashi kowa ya yi sallama da abin da zai bari, ita kuwa ta ɗaure kayanta ta hau mota ba ta waiwaya ba. Na san an yi mini wa da ya rasu, amma ban taɓa jin zancensa daga bakin Inna ba.

Na roƙi injiniya, ya ba ni mukulli da sharaɗin in sayi man janareta. Wata Asabar da hantsi na ɗauko ta. Ta ce ita fa tudun kawai take son gani, na ce to.

Na zaunar da ita, na taɓa harafin, ruwa ya kau. Ina jiran salati. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ba garinmu ba ne."

Raina ya ɗan sosu, don wuyana bai gama warkewa daga aikin ba. Na ce, "Inna, shi ne mana. Ga kogi, ga tudu."

"Ni shaho ce da zan san gari ta sama?"

Gaskiyarta. Mu a ofis kullum daga sama muke kallo, don abin da ya dame mu zurfi ne da faɗi. Na danne kibiya na sauko da mu har daidai tsayin mutum a tsaye, na sa mata maus a hannu, na ce ta juya duk inda take so.

Hannun da ya saba da muciya da taɓarya ne. Ta damƙe maus ta ja shi tun daga kafaɗa, ƙasa ta kife, muka koma kallon garin ta ƙarƙashi. Na gyara. Ta ce tana son duba hagu, sai ta murɗa maus ɗin a inda yake, ba abin da ya motsa. Ta ɗaga shi sama wai ta leƙa bayan tudu. Kowane motsi kuma sai mun jira na'urar ta sake zana layukan ɗaya bayan ɗaya. Na yi bayani har muryata ta fara tashi. Ita ma ta ture maus ɗin gefe.

"Ɗauke ɓeranka. Mai da ni gida, na gani."

Ba ta ga komai ba, kuma na san in ta fita ba za ta sake roƙo ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na riƙe maus ɗin da kaina, na ce ta ɗora hannunta a kan nawa ta tura ni inda take so, ni zan danna. Ta dubi hannuna. Rabon da hannuna ya shiga nata tun ina ɗan makarantar allo. Sannan ta ɗora.

Muka fara daga mashaya a bakin kogi, don nan ne ba ya ɓata. Ba gida ko ɗaya a cikin na'urar, ba bishiya, ba rijiya, ƙasa ce tsirara. Amma Inna ta hau wannan gangaren da tulu a ka shekara da shekaru. Tana tura hannuna a hankali, hannuna na hagu yana kan kibiya. "Yi gaba. Nan ƙafa take fara nauyi. Karkata dama." Wani lokaci ta ce mun wuce, mu koma. Ƙwallon da ke cikin maus ɗin ya cije don datti, na ciro shi na goge da bakin riga, tana ta mita wai ko dutsen niƙa ya fi wannan abu biyayya.

Tudu biyu ne a gabas, babba da ƙarami. Abin da take nema shi ne inda ƙaramin zai ɓuya bayan babban, sai kafaɗarsa kaɗai ta leƙo. Muka matsa, muka matsa, har ya ɓuya. Hannunta ya tsaya.

"Ƙara sauka."

Na ce ai daidai tsayinta muke.

"A zaune nake."

Na danna kibiya, muka sauka, layin ƙasa ya taso, kafaɗar ƙaramin tudun ta ragu saura kaɗan. Yatsunta suka matse nawa. Ba ni ta kalla ba da ta yi magana. Ta ce kullum da la'asar nan take kawo tsinar hatsinta, bayan ɗaki, tana cewa ta fi samun iska. Ba wanda ya taɓa ce mata don me.

Sai ta kira sunansa, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, yadda ake kiran yaron da ke barci. Ban taɓa jin sunan ba sai ranar, kuma ba zan rubuta shi ba. Ta yi kukanta ba sauti, ni kuma na kafe hannuna, ina tsoron kada maus ya gusa ko kaɗan wurin ya ɓace mata. Hannun ya yi tsami har kafaɗa, ban motsa ba.

Kafin damina ta zagayo idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta bar duniya, ni ma ban tayar ba.

Amma a ranar, da janareta ya fara tari alamar mai ya kusa ƙarewa, na ce, "Inna, lokaci ya yi." Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe. Ka'idar ofis ce a mayar da komai yadda aka same shi kafin a kashe na'ura, don haka na kai yatsa kan harafin nan. Ta riƙe mini hannu.

"Bari in fita tukuna, Auta. Kada ka mayar masa da ruwan ina gani."