Aku da Kunkuru a Gidan Makoki

A unguwar 220 Logements na girma, a hannun kakata Saratu, 'yar ƙasar Zazzau. Mu kaɗai ne Hausawa Kirista a benenmu. Da yamma takan hura gawayi a ƙofar gida ta gasa ayaba, yaran maƙwabta su kewaye ta. Ƙawata Hajara, 'yar Alhajin da ke sama da mu, ba ta fashi. In Kaka ta ce, “Ga ta nan tafe,” sai mu amsa da rabin Faransanci, “Ta zo, on écoute,” wato muna saurare. Ta harare mu, ta ce, “Bakinku kamar an jiƙa burodi.”

Akwai tatsuniyar da take yawan maimaitawa. Iska ta kayar da sheƙar kurciya, ƙwayayenta suka fashe. Aku ya zo gaisuwa, ya yi ta zuba zance mai daɗi har rana ta faɗi, ya tafi yana yaba kansa. Kunkuru ya iso a makare, bai ce uffan ba. Ya zauna kusa da ita, can ya fara tsinto mata ciyayi ɗaya-ɗaya don ta sake sheƙa.

“Shi ke nan?” in ji mu. Mun fi son mai dodo.

“Shi ke nan. Ai ko Yesu, da ya tarar da masu kuka, kukan ya taya su.”

A lokacin rikicin bayan zaɓe na 2011, Kaka ta daɗe da rasuwa. Mijin Hajara ya fita neman abinci a unguwar Treichville, gawarsa aka kawo. Da hanya ta buɗe na tafi. Lokacin ina jagorar mata a coci, ina ji da bakina. Kowa ya san ba a ɗora tukunya a gidan rasuwa, maƙwabta ke kawowa, amma ni hannu rabbana na shiga, sai ayoyi cike da kai. Na yi ta bayani a kan bege da nufin Allah, ga 'ya'yanta biyu a gefe tun safe ba su ci komai ba.

Hajara ta bari na kai aya, ta ɗago jajayen idanu.

“Rifkatu, kunkurun yana hanya ne?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Tsohuwata, addinina, amma 'yar Alhaji ce ta riƙe karatun. Na fita na ari murhu wajen maƙwabciya, na dama wa yaran kunu, na dawo na zauna. Da ta fashe da kuka na taya ta, ban ƙara ko kalma ba.

Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Begen da na je faɗa gaskiya ne, ban janye ba, amma mai kuka ba da kunne yake karɓarsa ba. Yanzu in aka yi rasuwa, matan cocinmu sukan ce, “Maman, ke za ki yi magana.” Sai in ce su ba ni tukunya.