Ranar da na ƙara wa ordinatar abokina gudu

Da ana goge abu a rayuwa, ƙaryar da na yi wa abokina zan goge.

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina gyaran rediyo a kasuwar Madawa. Abokina yana da shagon buga takardu kusa da nawa, da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, guda ɗaya. Wani mai gyara a asibitin mishan ya taɓa nuna mini dabara: akwai 'yar roba baƙa a cikin injin, kabaliye ake ce mata, in ka matsar da ita sai furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ta ƙara gudu. Na ga lambar da ke saman furosesar asibitin ɗaya ce da ta abokina. Ni da aji shida kawai na yi, sai na ɗauki kaina injiniya.

Lokacin abokina yana buga dosiyen manoman Galma, wato takardunsu na neman rijiyoyin lambu, kuma ranar Litinin ake rufe karɓa a birnin Tawa. Da ya tafi coci ran Lahadi, saura kwana takwas a rufe, ya bar mini makulli, sai na buɗe injin na matsar da robar, don in burge shi.

Kwana uku tana gudu. Ran na huɗu, da zafin azahar, ta ƙame, aikin duka ya lalace.

Abokina ya ce, "Maigyara, mi ya same ta?"

Na ce, "Wutar garin nan ce, Mushe, ka san halinta." Mushe nake ce masa, wato malam da Faransanci.

Ya yarda. Washegari shugaban manoman ya zo a keke, ya zauna a ƙofar shagon yana jiran takardunsu. Ganinsa ne ya fi ƙarfina, na faɗi gaskiya.

Abokina ya ce, "Kai da ba ka iya gudu ba, injina ka ga ya dace da tsere? Ɗauko sukudireba."

Muka cire furosesar muka kai wa mutumin asibiti. Ya kifa ta kusa da tasu, ya nuna mana ƙananan haruffa a ƙasa. Suna ɗaya, amma tasu ƙirar baya-bayan nan ce mai jure zafi, ga fanka a kanta. Ni saman kawai na karanta. Allah Ya taimaka ba ta ƙone ba; da aka mai da robar sai ta tashi.

Kwana biyu ina karanta wa abokina rubutun hannu na takardun da guntun Faransancina, yana bugawa yana gyara mini baki. Motar safiyar Litinin ta tafi da dosiyen.

Rijiyoyin suna nan, kuma har yau in na wuce shagonsa sai ya dafe injinsa ya ce, "Ga injiniya nan, a ɓoye kaya."

Don Allah, kada ku taɓa kayan mutum a bayan idonsa. In kuma kun taɓa, ku faɗa tun bai tambaya ba.