Hantsi ta Tagar Yamma

Da council, wato hukumar unguwa, suka ba mu flat ɗin nan a wani bene na Deptford, a nan ƙasar Turawa, abu ɗaya ne ya sa na yafe masa ƙanƙantarsa: daga tagar falo ana ganin kogi. Umma, mahaifiyata, wadda na kawo daga Kano don aikin ido ta kuma zauna, a nan ta kafa kujerarta. In ta idar da sallar asuba sai ta zauna da carbi har rana ta fito ta bayan ruwa. Takan ce kogin nan bai san inda ya dosa ba, yanzu ya yi gaba, anjima ya dawo, kamar mai neman abin da ya yar.

Sai aka fara gini. Ba wanda ya tambaye mu, takarda kawai aka zuro ta ƙofa bayan an riga an kafa ƙarfe. Matakalar da muke bi mu sauka bakin ruwa aka toshe da katako, aka manna hoton wasu mutane suna dariya. Bene ya tashi, wani ya tashi a jikinsa, kowanne da inda ya sa gaba. Kafin mu ankara kogi ya ɓace mana. Abin da ya fi ci mini rai, ba kowa a cikin benayen. An saye an kulle. Ba labule, ba shanya, ba kukan jariri. Iska kaɗai ke ratsa tsakaninsu tana gunji, tsuntsayen ruwa ma suka daina zuwa.

Falo ya yi duhu, Umma ta ja kujerarta zuwa kicin, inda taga ke kallon yamma. Can ma an gama wani dogon bene, gilashi ne tun daga ƙasa har sama.

Umma tana gaba da ƙanwarta, shekara goma sha tara ke nan a lokacin. Kakarmu a gidan ƙanwar a Kano ta rasu, Umma tana hanya daga Jos, aka yi jana'iza ba ta iso ba. Tun daga ranar ko sunan ƙanwar ba a kamawa a gabanta. Ta san hukuncin gaba sarai, ta fi ni sani. In na matsa sai ta ce, "Zan kira ta. Ai ƙofar tuba a buɗe take." Kowane azumi haka muke yi, har na gaji na zuba mata ido.

Wata safiya, sanyi ya fara sauƙi, na fito da shirin aiki na tarar da kicin cike da jan haske. Inuwar buta ta kwanta ta gefen da ba ta taɓa kwanciya ba. Na ɗaga kai. Rana ce cikakkiya, tana fitowa ta tagar yamma. An ce hantsi leƙa gidan kowa, amma ban taɓa jin ya leƙo ta nan ba. Duk bokona sai da na tsaya cak, domin tun muna Islamiyya aka gaya mana: duk ranar da rana ta fito daga yamma, an rufe ƙofar tuba.

Umma tana zaune, carbi a cinya, ba ta ja.

"An rufe," ta ce, a hankali.

"Umma, reflection ne kawai. Haske ne ya bugi gilashin building ɗin can ya dawo. Rana tana gabas, inda kika san ta."

"Nuna min ita."

Na kama hannunta muka je falo. Gabas babu komai sai bango da tagogin da ba kowa. Muka sauka ƙasa, ita da silifa, muka bi katakon nan har ƙarshensa muna neman kafar da za mu leƙa. Babu. A ranar na tsani waɗannan benaye kamar yadda ake tsanar mutum.

Da muka hau sama ta ce, "Ba ni wayarki."

'Yar ƙanwar ce ta ɗauka. Da ta ji ko wace ce, ta ce mahaifiyarta ta kusa shekara biyu ba ta gane mutane, amma bari ta sa mata a kunne. Ina tsaye ina jin komai.

"Ni ce, yayarki," in ji Umma. "Ki yafe min."

"Me kika yi min? Ban san ki ba. Yayata tana fushi da ni, ba ta kira na." Muryar ta yi nisa, ta dawo. "Baiwar Allah, in kina ganinta, ki gaya mata mun jira ta har la'asar. Zafi ne ya yi yawa, maza suka ce a ɗauki gawar."

Umma ta daɗe tana kallon hasken da ke kan tebur. Ta ce, "Zan gaya mata."

Na sayo labule mai kauri don tagar, ta ce in bar shi a leda. Bayan 'yan makonni rana ta sauya hanya, ta daina bugun gilashin. Umma dai ba ta fasa ba. Kullum da hantsi sai ta kira Kano, ta ce ita ce, a ce ba a san ta ba. Sai a ba ta saƙon, ta karɓa, ta ce za ta isar.