Kada Ku Ba Tsohuwa Ruwa

Duk wanda ya taɓa yin sallama a gidan Kawu Safiyo a Unguwar Dosa ya san yadda amsar take zuwa. "Wa alaikumus salam, kada ka zuba mata ruwa!" Da numfashi ɗaya yake haɗe su. Baƙon da bai saba ba sai ya tsaya yana waige-waige, yana neman baiwar Allahn da aka hana ruwa. Mu da muka sani sai mu nuna masa rabin duro a ƙarƙashin rumfar kwano, inda Tsohuwa take zaune da ƙayoyinta.

Tsohuwa murtsunguwa ce, tsiron nan mai ƙaya, irin mai faɗin nan kamar tafin hannu. Kawu ya karyo ta ne a bayan wata tashar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita, can arewa, lokacin yana aikin awon ƙasa, aikin da ya ba shi sunan Safiyo har ya rufe na yanka. Ya ce ranar ya ga uwarta da fure rawaya guda ɗaya tak, ya ɗaga kyamara, ashe fim ya ƙare. Abin ya tsaya masa a rai. Ya kawo reshen gida ya dasa, ya ci alwashin sai ta yi masa fure ya ɗauka. Shekara ashirin da wani abu yana jira, ita kuwa ko a jikinta.

Ni Bilki, ɗiyar ƙanwarsa, a gidan na yi sakandare, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba. Tsakar gidan nan da kuka sani ba ta da wurin shanya na kirki saboda shuke-shukensa. Ƙerana a tsohon bokiti, tinya a fasasshiyar tukunya, kabar giwa a gwangwanayen madara sun yi layi har bakin bayi. Inna Habi, matarsa, ta yi shekaru tana roƙon ɗan lungu ta shuka alayyahu, ya ce alayyahu raki gare shi, yini ɗaya ba ruwa sai ya kwanta yana neman a tausaya masa.

Wata rana surukinsa Alhaji ya zo daga Kano, ya zagaya tsakar gida hannu a baya, ya tsaya gaban duron.

"Malam, wannan ana miya da ita ne?"

"A'a."

"To magani ce?"

"A'a."

"Inuwa ma ba ta da ita. To me take yi?"

Kawu ya gyara tabarau ya ce, "Haƙuri take yi, Alhaji. Kai ka iya?"

Da Alhaji zai fita babbar rigarsa ta gaisa da ƙerana, muka yi rabin awa muna cire masa ƙaya.

Da damina kuwa ai sai kallo. Kun san ruwan Kaduna ba ya wasa. Hadari na haɗowa kowa na gudun kwashe shanya, shi Kawu lema yake ɗauka ya tsaya gefen rumfa yana tare feshi. Ya jiƙe jagab, Tsohuwa a bushe. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, mura fa!" Ya ce, "Ni ina da magani, Hajiya. Ita in ta ruɓe wa zai kai ta asibiti?"

Sai kuma batun hoto. Jama'a, mutumin nan ya cika kundin hotuna goma sha wani abu, babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki! Duwatsu, busasshen rafi, kuka ita kaɗai a fili, hanyar shanu da ta miƙe ta ɓace. Baƙi su yi ta buɗawa suna jiran su ga fuska, har su gaji su ce, "Ina mutanen?" Ya ce, "Sun matsa."

Ni na ga yadda suke matsawa. Wani hutu ya tafi da ni daji ta hanyar Birnin Gwari, lokacin hanyar tana biyuwa lafiya. Direbanmu Ɗan'asabe ne, wani Bazamfare da ke zaune a Rigasa. Muka tsaya a wani ƙauye da ke gindin wani ƙaton dutse. Kafin Kawu ya gama kafa ƙafafun kyamara labari ya zaga cewa mai hoto ya zo daga birni. Mai unguwa ya fito da rawani, mata suka ci ado, aka jero har da wani tsoho riƙe da rediyo. Suka tsaya ƙiƙam, ba mai murmushi. Kawu ya leƙa, ya ɗago, ya gaishe su da ladabi sosai, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ku ɗan gusa hagu. Kun tare mini dutse."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Suka gusa. Ya ce su ƙara. Suka ƙara, har suka koma bayanmu suna kallon abin da yake kallo. Daga hantsi har la'asar muna nan, bai danna ba. Ɗan'asabe ya gaji ya ce, "Malam, wai mi muka jira? Dutcen ga ba ya zuwa ko'ina."

"Haske nake jira."

"Wane haske kuma? Rana ɗai ce Allah Ya yi muna, ga ta nan bisa kanmu tun ɗazu!"

Kawu ya naɗe kayansa ya ce yau dutsen bai shirya ba, ba zai ɓata fim a kansa ba. Muka dawo Kaduna ba hoto ko ɗaya, ni da kunya, Ɗan'asabe da labarin da ya yi shekara yana bayarwa a tasha.

Fim ɗin nan a firij yake ajiye shi, kusa da kayan miyan Inna, yana ƙirga shi kamar ƙwai. Da duniya ta koma waya aka ce ya saya, ya ce abin da zai ɗauki hoto ɗari a minti ɗaya bai kalli komai ba. A hankali ajiyar ta ƙare, ya sa naɗin ƙarshe a kyamara. Ya ci talatin da biyar a daji kafin gwiwa da halin hanya su zaunar da shi. Saura ɗaya. Ya rataye kyamarar a ƙusa, ya sanar da kowa cewa wannan na furen Tsohuwa ne.

Ranar aurena na je masa da lalle da komai, na durƙusa. Na ce, "Kawu, ɗayan nan dai. Ni ce fa Bilkinka."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kin yi kyau, ɗiyata. Amma ke gobe ma ana ganinki a gidan mijinki a Kinkinau. Ita sau ɗaya za ta yi."

Na fita ina kuka kwalli na bin kumatu. Har yau ban gama hucewa ba, ku shaida.

To yanzu ga abin da ba ku sani ba, kuma Inna ta ba ni izini in faɗa. Tun ina aji biyu na kama ta. Kawu ya kan tsaya hira a ƙofar masallaci bayan asuba har gari ya yi haske. Na fito shara, sai ga Inna da buta, tana sanɗa, tana tsiyaya wa Tsohuwa ruwa a gindi. Muka haɗa ido. Ta ce, "Ke, rufe bakinki. Rai ne fa da ita. Kina so ranar gobe a tambaye ni, ina da rijiya a gida na bar abu da ƙishi?" Ta cika mini hannu da ƙosai, na zama abokiyar laifi.

Kullum sai ta yi. Ta bi wurin da busasshen yashi ta rufe. Shi kuma Kawu duk bayan 'yan watanni sai mu ga ya karkata duron, ya ɗauko ƙusa da guduma yana ƙara huda gindinsa, yana mita. "Ƙasar Kaduna riƙon ruwa gare ta, ban san daga ina yake zuwa ba." Ni da Inna mu shige kicin mu toshe baki. Gindin duron nan ya koma kamar rariya.

Bayan damina ta ɗauke ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Ko a zaman makoki sai da muka yi dariya, don masu alwala suna ɗaukar buta sai ka ga sun yi nesa da rumfar da kansu, ba wanda ya ce musu komai.

Ranar sadakar uku Inna ta ja ni ɗaki. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce, "Bilki, ya sha faɗa cewa sai ta ji ƙishi sosai take fure. Ni na hana shi gani. Shekara ashirin ina cutarsa yana zaton ƙasa ce, ga shi ya tafi ban nemi gafara ba." Na ce mata ai alheri ta yi niyya. Ta ce alherin da aka yi aka ɓoye wa miji har ya mutu da buri, ita ba ta san sunansa ba. Tun daga ranar ba ta sake kai buta wurin ba. Ta kan zauna a kan tabarma tana takaba tana kallon Tsohuwa na yamushewa, hannunta na ƙaiƙayi, ta danne.

Ana saura 'yan kwanaki ta fita takaba, zafin bazara ya kankama, sai ga wayarta da hantsi. "Ki zo! Ki zo yanzu!" Na hau keke mai ƙafa uku ko mayafi ban daidaita ba. Na tarar da ita tsaye gaban duro. A saman Tsohuwa ga fure rawaya guda ɗaya, ɗan ƙarami, ko cikin tafin hannu bai yi ba. Abin da aka yi shekara ashirin ana hana mu shanya saboda shi ke nan! Na so in yi tsiya, sai na ga Inna hawaye take, don furen ya tabbatar mata da laifinta.

Ta ce, "Ɗauko kyamarar. Ko ba ya nan a cika masa burinsa."

Na sauko da ita daga ƙusa, na goge, na saita yadda na sha gani yana yi, har da ce wa Inna ta gusa hagu. Na danna. Shiru. Na ja ɗan hannun da ake ja, ya ƙi motsi. Na sake, ya ƙi. Muka ce ta lalace don zama. Na ɗauka da waya, raina ba daɗi.

Ɗan'asabe ne ya kai ni wurin wani tsohon mai hoto a Rigasa da har yanzu yake da kayan wanki. Ya juya kyamarar ya ce, "Hajiya, lafiyarta lau. Fim ne ya ƙare, an cinye shi duka." Na ce ba zai yiwu ba, saura ɗaya. Ya ce in dawo bayan sati in ƙirga da kaina.

Na dawo na karɓa, ban buɗe ba sai a gaban Inna. Dutse. Dutse. Kuka. Rafi. Wani dutsen. Launin duk ya ɗan koɗe don daɗewa. Muka kai na talatin da shida.

Tsakar gidanmu ce, da sassafe, an ɗauko ta daga tagar ɗakin Kawu, har ana ganin gefen labule. Ga Tsohuwa a duronta. Ga Inna a sunkuye da shuɗiyar butarta, ta ɗage zane da hannu ɗaya don kada ƙaya ta kama, ta waiga wajen ƙofar gida tana gadin kada ya shigo. Hasken ya sauka a gefen fuskarta da kan ruwan da ke zuba. Ban san ranar da ya fasa hirar masallaci ya zagayo ya laɓe ba, amma na san ya jira hasken, don duk cikin kundayensa babu hoton da ya kai wannan kyau.

Inna ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Ashe ya sani." Ta sake cewa, "Ashe ya sani! Yana kallona ina sanɗa kamar ɓarauniya, shi kuma yana bi da ƙusa yana huda duro! Kai, Malam! Kai, Malam!" Ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar ta juye kuka, ni ma na taya ta duka biyun. Da ta share ido ta ce, "Kuma bai ce in gusa ba."

Hoton yana bangon ɗakinta yanzu. Furen kwana biyu ya yi ya faɗi. Tsohuwa tana nan, kuma mun yi sulhu: ranar Juma'a kawai Inna ke ba ta ruwa, rabin buta, a fili, ba sanɗa.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, har da na ranar aurena, ni na yafe. Yadda ya rufa wa Inna asiri shekara ashirin bai kunyata ta ba, Allah Ka rufa masa nasa. Ka haskaka kabarinsa da hasken da ya fi wanda ya yi ta jira, Ka shayar da shi daga Alkausara, shi kam a ba shi ya sha har ya ƙoshi. Amin.