Ƙarfen Malam Buba a Ƙarƙashin Doguwa

Shekara bakwai ke nan a wannan wata da muka kai Usta Haruna makwancinsa, kuma har yau motarsa tana ƙofar gidana a unguwar Rusaifa da ke nan Makka, lulluɓe da tamfol, da sunana a takardunta. Ƙarfi ya fara ja baya, ido ya yi rauni, maiɗakina Rabi ta ƙosa mu koma Katsina wajen jikoki. Sai dai dokar ƙasar nan ba ta barin baƙo ya yi fitar ƙarshe alhali akwai mota a kan sunansa. Ko in sayar, ko in zauna. Mai saye kuwa yana nan, har ya gaji da zarya. Abin da ya riƙe mini hannu shi zan faɗa muku, tunda Rabi ta riga ta daina saurarona a kan maganar.

A unguwar Hindawiyya, nan cikin Makka, aka haifi Haruna. Mahaifinsa, Malam Buba, maƙeri ne da ya biyo ta Sudan ya zo aikin Hajji, ya gama, bai koma ba. Bai taɓa samun igama ba, wato takardar zama, ɗansa ma haka ya tashi babu ita. Haruna ya girma yana jin Larabci kamar kowane ɗan Makka, ya zama makanike, mutane suna ce masa Usta, amma iyakacin duniyarsa shi ne shingen askarawa da ke kan hanyar fita gari. In ya tsallaka aka tambaye shi takarda, sai a ɗora shi a jirgi zuwa ƙasar da bai san kowa a cikinta ba. Ga Jidda nan kusa, ana zuwa a dawo kafin abinci ya huce, amma mutumin nan ya mutu bai taɓa ganin teku ba.

Ni da igamata na zo, direban motar wani gidan burodi. A warsharsa muka haɗu, wato garejinsa, ranar da na kai masa gyaran birki. Ya zauna a gefena muka zaga layi don ya gwada aikin, da muka dawo ya ce shi bai ga amfanin birki ga mutumin da ba ya tafiya ba. Tun daga ranar ya sa mini Kunkuru, ni ma ban musa ba, don gaskiya ba na son gudu.

Motar da nake magana tsohuwar ƙirar Amurka ce, ja, mai ƙofa biyu da dogon hanci da inji mai silinda takwas. Doguwa muke ce mata. Wani attajiri ne ya gaji da ita ya bar wa Malam Buba, shi kuwa dattijo bai san an ƙera ta don tsere ba, ya dai ga mota mai ƙarfi. Ya cire kujerar baya, ya riƙa loda mata jarkokin zamzam yana kai wa alhazai masauki. Haka ta yi shekaru tana aikin jaki, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Bayan rasuwar Malam Buba, magadan attajirin suka ce a cire sunan ubansu daga takardunta, Haruna da ba shi da igama ya dube ni, ni ma na dube shi, shi ke nan ta koma sunana.

Kun san halin makanikanmu. Ba a jefar da komai, ba a kuma jiran sai an samu na ainihi. Kafireto ya lalace, a ciro na wata motar a fafe shi ya shiga. Lagireto ya fashe, a samo na motar ɗaukar kaya a rage masa kunne. Haruna ya fi kowa iya wannan, da shi ya ci abinci, da shi ya raya Doguwa. In ka buɗe ta a lokacin, sai ka ga ƙabilu sun fi na ranar Arfa yawa.

Wata rana wani matashi ɗan Jidda ya kawo gyara, ya ga Doguwa, ya tsaya yana zagaya ta kamar ya ga amarya. Shi ya ba mu labarin filin tsere da ke can wajensu, inda motoci biyu suke jeruwa a kan gajeriyar hanya miƙaƙƙiya, fitila ta ba da hannu su fizga. Ya ce akwai aji na musamman na irin waɗannan tsofaffin motoci, ajin wakala, ma'ana motar da take yadda ta fito daga kamfani. Sai lambar inji ta yi daidai da ta jikin mota. Kafireto da salansa da giya duk sai irin nata na asali. Kujeru su cika, tayoyi su zama na titi, a ɗora ta a sikeli nauyinta ya yi daidai da na ƙirarta. Abin da aka yarda ka ƙara bel ne da hular kwano. Direba kuma sai mai lasisi da shaidar zama.

Ina kallon fuskar Haruna yana ji. Duk abin da ya ƙware a kansa, shi ne dokar ta hana, sharaɗin ƙarshe kuma ya fitar da shi tun kafin a fara. Na zaci zai yi dariya ya koma kan aikinsa. Sai ya ce, "Kunkuru, kai za ka tuƙa."

Na ce, "Usta, ka ji tsoron Allah. Ni da burodi ma ba ya motsi a bayana?"

"Khalas, magana ta ƙare. Ba cewa na yi ka ci tseren ba. Ka taka ta kawai har ƙasa, ka bar waya a buɗe, in ji."

A nan na gane abin da yake ci masa rai. Tun yana yaro yake tare da motar nan, bai taɓa jin cikakkiyar muryarta ba. Ba ya hawa babban titi don gudun a tsayar da shi. Daga ƙofar warsha zuwa bakin layi yake kai ta, a giya ta biyu, ya juyo. Ya san kowane noti na injin, bai san abin da injin zai ce ba in aka sake shi.

Shekaru muka kwashe muna warware aikin hannunsa. Shi ba ya fita, don haka ni ne ɗan aiken tashlihi, inda ake farfasa matattun motoci a bayan Jidda. In dawo da kafireto ina murna, ya juya shi sau ɗaya ya ce na ƙanwarta ne, in mayar. Na yi fushi ya fi a ƙirga. Amma ina ganin yadda yake cire abin da ya fafe da hannunsa, abin da ya yi shekaru yana aiki lafiya lau, ya ajiye a gefe, sai fushin ya sauka. Kujerar baya ita ta fi ba mu wuya, sai a wajen wani tsoho muka same ta, ya mai da ita wurin zama a tsakar gidansa.

Ranar da aka sa, ya rako ni har bakin layi, ya dafa bayanta, ya tsaya a nan. A filin, masu dubawa suka yi mini karɓar mutunci. Suka haska lambar inji, ta yi. Suka buɗe gaba, babbansu ya jinjina kai ya ce wanda ya yi wannan aikin ya san hannunsa. Ta hau sikeli ta sauka lafiya. Har na fara jin tsoron gudun da ke gabana, sai ɗaya ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ta baya, ya kira sauran.

Sifirin ne, faffaɗan ƙarafan nan da ake jerawa su ɗauki nauyin mota. A kowane ɓangare akwai falle ɗaya da ya fi sauran kauri, da sawun guduma a jikinsa. Malam Buba ne ya ƙera su a maƙerarsa lokacin da jarkoki suka fara durƙusar da ita. Babban ya ce, "Ma'alesh ya hajj, ka yi haƙuri, wannan ba na kamfani ba ne. A cire, ku dawo." Na tambaya ko akwai wani ajin. Ya ce akwai na motocin da aka sauya, amma can sai an yanke ta an ɗaura mata kejin ƙarfe a ciki. Ta yi sauyi da yawa ga wannan aji, ba ta yi isasshe ga wancan ba. Ban ga laifinsu ba, dokarsu suka bi, kuma da ladabi suka faɗa.

Na koma gefe na kira shi. A bayana wasu motocin suna ruri, na san yana jin su. Na faɗa masa abin da suka gano.

Na ce, "Ka manta da su ne, Usta?"

Ya ce, "Ban manta ba. Na ɗauka ba za su durƙusa ba." Can ya ƙara da cewa, "Dawo da ita a hankali."

Wanda bai zauna a Makka ba zai ce mene ne abin wahala a nan. To, a garin nan ba a rubuta suna a kan kabari, bayan 'yan shekaru ma ba ka iya nuna wurin. Malam Buba bai bar hoto ba, bai bar takarda ba, maƙerar tasa tuni aka mai da ita shago. Falle biyun nan su ne kaɗai abin da Haruna zai iya taɓawa ya ce hannun ubansa ya bi ta nan. Na ce masa ya cire ya rataye a ɗaki. Ya ce, "In na ajiye su a ƙasa sun zama ƙarfen banza, Kunkuru. A jikinta kuwa, har yanzu Baba yana ɗauke da kaya."

Duk da haka na samo masa sifirin na ainihi daga tashlihi, ya karɓa ya yi godiya. Duk shekara in lokacin tsere ya matso sai in tambaye shi, ya ce aiki ya yi masa yawa, sai baɗi. Na yanke a raina cewa ya haƙura, na daina tambaya. Daga baya aka zo aka rushe layinsu, ya kwaso kayansa ya dawo kusa da mu a Rusaifa, babu warsha, yana gyara a bakin hanya. Bai daɗe ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai ga yau. Inda warsharsa take, yanzu wani ƙaton titi ne ya bi ta kai, miƙaƙƙe sambal, irin wanda ya yi ta mafarki. Na san zai yi dariya har ya yi tari, ya ce sai da ya tashi aka kawo masa hanya har gida. Tsere kuma yanzu a waya ake kallonsa, jikokina ma suna turo mini. Ban sani ba ko hakan zai sanyaya masa rai ko zai ƙara masa ƙunci. Abu ɗaya dai bai canza ba: akwai 'ya'yan mutanenmu da aka haifa a nan, masu hannu irin nasa, da har yau suke juyowa kafin shinge.

Mai sayen nan mutumin kirki ne, yana son ta da gaske, ajin wakala yake so ya kai ta. Ya ce aikin cire ƙarafan ba zai ɗauki yini ba. Rabi ta ce in cire da kaina in sa a akwati mu tafi da su Katsina, kowa ya huta. Maganarta gaskiya ce, kuma ta yi haƙuri da ni fiye da yadda na cancanta. Makon jiya, bayan la'asar, na yaye tamfol, na shimfiɗa kwali, na shiga ƙarƙashin Doguwa da sifana.

Na shirya yin kokawa da tsatsa, don duk sauran notunan da ke wurin sun kafe. Waɗanda suke riƙe da sifirin kuwa, ina ɗora sifana suka juya kamar murfin kwalba. Gefunansu sun goge sun yi sulɓi, zaren da notin ke hawa yana ƙyalli a ƙarƙashin tsohon giris. Noti ba ya zama haka sai an kwance shi an ɗaure sau da yawa. Na fito na buɗe but na ɗauko sifirin da na sayo masa, na ga shi ma da sawun ɗauri a kansa, sawu a kan sawu. Ashe bai taɓa haƙura ba. Duk shekarun da yake ce mini sai baɗi, yana shiga nan shi kaɗai ya cire na ubansa ya sa na kamfani, motar ta cika kowane sharaɗi, ya tsaya ya dube ta, sannan ya kasa, ya mayar.

Na daɗe zaune a kan kwalin nan ina kuka, ba na jin kunyar faɗa. Haruna bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, sunansa ba ya cikin rajistar kowace ƙasa. Abin da ya rage nasa shi ne wannan goguwar da ke jikin noti, kuma duk duniya ni kaɗai na san hannun da ya yi ta. Allah ya jiƙansa da shi da mahaifinsa, ya buɗe musu faɗin da ba su samu a nan ba.

Na koma ƙarƙashinta na ɗaure notunan tamau, na mayar da tamfol. Da na shiga gida Rabi tana ninke kayan da ta fara haɗawa. Ta dubi hannuna ba komai a ciki sai baƙin mai.

Ta ce, "Malam, wata shekarar ke nan?"

Na ce, "Wata shekarar, Rabi."

Ta ciro kayan daga akwati, ta fara mayar da su cikin kabad ɗaya bayan ɗaya.