Zuwa Kufena da Surukata

Tun kafin a kira assalatu a masallacin layinmu na Tudun Wada 'yata Rifkatu ta ɗaura takalmin kambas. Duk ajinsu ita kaɗai ce ba ta taɓa hawa Dutsen Kufena ba, har tsokanarta suke yi, kuma jibi za a koma makaranta. Na yi mata alkawari. Dutse ne na Allah, ba mai karɓar kuɗin ƙofa, tafiyar ma ba ta kai ta rabin awa ba.

Muna shiga mota sai ga surukata, Inna Saratu, da gyale da jaka.

"Ku rage mini hanya, zan ɗan leƙa mutane."

Baban Rifkatu ya ce, "Bismillah, Inna," yana kauce wa idona. Matsoraci!

Tudun Jukun

Ko giya ta uku ba mu sa ba ta ce a tsaya, wai ƙanwar mijin 'yar ƙawarta ta haihu. Ba a wuce ƙofar mai jego, kuma ba a barin yara a mota kamar kaya. Aka kawo kunun kanwa da ƙosai. Inna ta tambayi lafiyar kowa, har da akuyar da ta yi ɗingishi bara.

Dan Magaji

Masu binciken hanya ko kallonmu ba su yi ba. Inna ce ta tsayar da su, ta gane ɗaya jikan maƙwabcinsu ne na da. Bawan Allah ya durƙusa da bindigarsa yana amsa gaisuwa, motoci na ta hon a bayanmu. Daga nan gidan ƙawarta Hajiya Asabe: waina da miyar taushe, da "wallahi ba ku ci komai ba."

Wusasa

Nan ne aka haifi Inna, don haka nan muka mutu. Ta'aziyya biyu, dubiya ɗaya, barka da dawowa daga asibiti. Dambu, fura, dambu kuma. Baban Rifkatu ya kwance bel. Dutsen kuwa ga shi can tsaye, ta kowace taga Rifkatu na hangensa. Haushi ya cika ni, amma wace ce ni da zan ce wa suruka ta tashi?

Gindin dutse

La'asar ta yi sakaliya muka kama 'yar hanyar Kufena. Sai ga wata tsohuwa a kan tabarma a ƙofar gida, tana ɗaga hannu. Mama Talatu ce, aminiyar Inna tun suna 'yan mata.

"Wa nake gani kamar Saratu?"

Baban Rifkatu ya taka burki da kansa. Rifkatu kuwa sunkuyawa ta yi ta fara kwance igiyar takalminta, hawaye na ɗiga a kai. Inna ta dube ta, ta dubi rana, ta dubi Mama Talatu. Sai ta ja gyale ta rufe fuska, ta nutse cikin kujera.

"Ja mota, ɗan nan! Ba ni ba ce!"

Muka hau. Ni da Baban Rifkatu a rabi dambu ya kayar da mu, muna haki. Yarinya da kakarta, Inna ba takalmi, suka ci gaba, har muka jiyo Rifkatu daga sama tana ihu wai ta ga Zariya duka.

Gida

Bayan magariba muka iso. Mun gode Allah, mun gode wa duk wanda ya ciyar da mu da ƙarfi da yaji. Na durƙusa zan yi wa Inna godiya, ta ce:

"Tashi, ki jiƙa gero. Gobe da asuba ke za ki kai ni in ba Talatu haƙuri. Shekara sittin ban taɓa wuce ƙofarta ba."